Elvis Presley: Makonnin Memphis da suka dawo da mawaƙin da aka daina yayinsa

A wannan makon Amurka za mu leƙa, mu duba rayuwar wani mawaƙi da ya mutu tun iyayen wasunmu suna firamare. Da yawanku kun taɓa cin karo da hotonsa ko da ba ku san sunansa ba: Bature ne mai tulin baƙin gashi da aka taje baya, sanye da farar riga mai doguwar kwala da duwatsu masu ƙyalli. Wasu kuma sun san shi ne ta fim ɗin da aka yi kan rayuwarsa a 2022, lokacin da guntayen bidiyonsa suka riƙa yawo a TikTok da Instagram. Sunansa Elvis Presley, wanda ake wa laƙabi da Sarkin kiɗan rock and roll.

Abin da ya ja hankalina a tarihinsa shi ne wasu 'yan makonni a farkon shekarar 1969. A lokacin yana da shekara 34, kuma kusan kowa ya gama yanke hukuncin cewa zamaninsa ya wuce. Sai ya shiga wani ƙaramin situdiyo a wata unguwar talakawa a garinsu, ya fito da kundin waƙoƙin da masana da dama ke cewa bai taɓa yin kamarsa ba. Yadda ya shiga ɗakin nan, da abin da ya sa bai sake komawa ba, shi ne labarinmu na yau.

Ɗan talakan Tupelo

An haifi Elvis ranar 8 ga Janairun 1935 a garin Tupelo na jihar Mississippi, a wani gidan katako mai ɗaki biyu da mahaifinsa Vernon ya gina. Tagwaye ne, amma ɗan'uwansa bai zo da rai ba, kuma iyayen ba su sake haihuwa ba. Wannan ya sa mahaifiyarsa Gladys ta ɗauki son duniya ta ɗora masa. Talauci kuwa ba a magana. Yana ɗan shekara uku aka ɗaure mahaifinsa saboda sauya adadin kuɗi a kan wani cek, gidan ma ya suɓuce musu.

A coci ya fara jin waƙa tana ratsa jiki. Da ya cika shekara 11 aka saya masa jita. A 1948 iyalin suka tattara komatsansu suka koma birnin Memphis na jihar Tennessee, inda suka samu ɗaki a gidajen da gwamnati ta gina wa marasa galihu.

Sai kun san yadda kudancin Amurka yake a lokacin za ku gane sauran labarin. Doka ce ta raba baƙar fata da farar fata: makaranta daban, wurin cin abinci daban, kujerar mota daban. Har kiɗa an raba. Baƙaƙe na da blues, kiɗan ƙunci da soyayya da suka gada tun zamanin gonakin auduga, da waƙoƙin cocinsu. Fararen ƙauye kuma na da nasu da ake kira country. Amma kunne ba ya bin doka. Elvis ya tashi yana sauraron duka, yana yawo a titin Beale, cibiyar kiɗan baƙaƙen Memphis, har tufafinsa ma a can yake saye.

Bayan ya gama sakandare a 1953, ya biya kusan dala 4 a situdiyon wani mai suna Sam Phillips don a naɗi muryarsa a faifai. Daga baya ya samu aikin tuƙa motar wani kamfanin lantarki. Ranar 5 ga Yulin 1954 Phillips ya haɗa shi da makaɗa biyu, Scotty Moore da Bill Black. An daɗe ana gwaji babu abin kirki. Ana cikin hutu sai yaron ya fara wasa da wata tsohuwar waƙar blues ta Arthur Crudup mai suna "That's All Right", yana rera ta da sauri kamar mai tsokana. Phillips ya ji, ya ce a maimaita. Daga wannan daren rayuwarsa ta sauya.

A nan dole a faɗi gaskiya. Kiɗan da ya ɗaukaka Elvis baƙaƙe ne suka gina shi, kuma da yawansu ba su ci moriyarsa ba. Crudup ya mutu a 1974 yana fafutukar neman haƙƙin waƙoƙinsa. Waƙar "Hound Dog" da Elvis ya yi suna da ita, wata baƙar fata Big Mama Thornton ce ta fara rera ta, abin da ta samu kuwa bai taka kara ya karya ba. Elvis da kansa ya sha nuna inda ya koyo salon, amma ƙofofin da aka buɗe masa saboda launin fatarsa a rufe suke ga waɗanda ya koya a wurinsu.

Kanar ya shigo

A ƙarshen 1955 babban kamfanin RCA ya sayi kwantiraginsa a kan dala 35,000, kuɗin da ba a saba jin irinsa ba a lokacin. Wanda ya ƙulla cinikin shi ne mutumin da zai riƙe akalar rayuwarsa har mutuwa, Kanar Tom Parker. Kanar ɗin ma na girmamawa ne da wani gwamna ya ba shi. Sunan Parker shi ma na aro ne. Asalinsa ɗan ƙasar Holan ne da ya shiga Amurka ba da takardu ba, ya yi shekaru yana bin masu wasannin kasuwa gari-gari. Bai damu da waƙa ba, amma ya san kuɗi.

Shekarar 1956 ta Elvis ce. Waƙarsa "Heartbreak Hotel" ta hau matsayi na ɗaya. Da ya fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a watan Satumba, mutum kusan miliyan 60 suka kalla. 'Yan mata na ihu suna suma, iyaye da malaman coci na Allah wadai da yadda yake karkaɗa jiki, har ta kai a fitowarsa ta uku a shirin daga ƙugu zuwa sama kawai aka nuna shi. A 1957 ya sayi katafaren gidan Graceland a Memphis a kan dala 102,500. Yana da shekara 22 kacal.

A 1958 aka kira shi aikin soja na dole. A watan Agustan shekarar mahaifiyarsa ta rasu tana da shekara 46, mutuwar da waɗanda suka san shi ke cewa bai taɓa warkewa daga ita ba. An tura shi Jamus. A can ya fara haɗiyar ƙwayoyin hana barci, a can kuma ya haɗu da Priscilla Beaulieu, wadda a lokacin shekararta 14 shi kuma 24, abin da har yau ake sukarsa a kai. Ita ya aura a 1967.

Shekarun finafinai

Ya dawo gida a 1960 da muryar da ta fi ta da, ya fitar da kundi mai kyau mai suna Elvis Is Back!. Sai dai kundin waƙoƙin fim ɗinsa na shekarar ya fi shi kasuwa. Kundin fim ɗin Blue Hawaii na 1961 kuma ya yi mako 20 a saman jerin mujallar Billboard, wadda ke auna waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Kanar ya duba lissafi ya ga inda riba take. Daga nan aka kafa tsari: fim biyu ko uku a shekara, kowanne da kundin waƙoƙinsa, fim na tallata kundi, kundi na tallata fim.

Labarin kusan ɗaya ne kullum. Elvis direban motar tsere ne, ko matuƙin jirgin ruwa, ga 'yan mata, ga bakin teku, a yi ɗan dambe, a yi waƙa, a tashi. A shekarun 1960 kaɗai ya yi finafinai 27. Bayan wani wasa da ya yi a Hawaii a watan Maris na 1961, sai da ya shafe sama da shekara bakwai bai tsaya gaban 'yan kallo ba.

Me ya sa waƙoƙin suka lalace? Akwai dalili na kuɗi. Elvis ba ya rubuta waƙa, rerawa yake. Kanar da kamfanin da ke samo masa waƙoƙi sun kafa sharaɗi: duk marubucin da ke so Elvis ya rera waƙarsa sai ya sallama wani kaso na haƙƙin mallakarta. A farko marubuta na yarda, don ko kaso kaɗan daga cinikin Elvis arziki ne. Da zamani ya sauya, manyan marubuta suka fara rera abinsu da kansu ko su kai wa wasu. Aka bar Elvis da ragowa. Abin ya kai a wani fim na 1967 an sa shi rera waƙar yara ta dabbobin gona. Mutumin da ya girgiza Amurka ke nan fa.

A daidai lokacin duniyar kiɗa ta yi gaba. The Beatles da Rolling Stones sun zo daga Ingila sun mamaye kasuwa, Bob Dylan na waƙa kan yaƙi da zalunci, baƙaƙen mawaƙa irin su Aretha Franklin da Otis Redding na tashe da kiɗan soul. Yaran da suka koyi waƙa saboda Elvis sun wuce shi. Rabon da wata waƙarsa ta hau matsayi na ɗaya a Amurka tun 1962. Kundin fim ɗinsa Speedway na 1968 a lamba 82 ya tsaya.

Shi kuma yana Graceland ko Hollywood, kewaye da abokai da 'yan'uwa da yake biya albashi, waɗanda 'yan jarida suka raɗa wa suna Memphis Mafia. In ya yi barkwanci a yi dariya, in ya yi waƙa a ce ba a taɓa jin irinta ba. 'Yan amshin Shata dai. Ya san finafinan ba su da kyau, yana ƙorafi a bayan fage, amma in Kanar ya kawo takarda sai ya sa hannu.

Daren baƙar rigar fata

A 1968 Kanar ya ƙulla yarjejeniya da tashar NBC don a yi shiri na musamman, kamfanin keken ɗinki na Singer ne ya ɗauki nauyi. Shirin Kanar shi ne Elvis ya tsaya ya rera waƙoƙin Kirsimeti. Sai aka samu wani matashin darakta, Steve Binder, wanda ya gaya wa Elvis a fuskarsa cewa sana'arsa ta kusa mutuwa. An daɗe ba a yi masa irin wannan maganar ba, kuma maimakon ya fusata sai ya saurara.

Aka ɗinka masa baƙar rigar fata da wando, aka zaunar da shi a ƙaramin dandamali tare da tsofaffin makaɗansa, mutane kewaye da su. Tsoro ya kama shi har ya so fasawa. Da ya fara kuwa, sai ga Elvis na da ya dawo, yana gumi yana dariya yana rera waƙa kamar ransa zai fita. Ya rufe shirin da sabuwar waƙa, "If I Can Dream", wadda aka rubuta bayan kashe Martin Luther King a Memphis a watan Afrilun shekarar da kuma kashe Robert Kennedy a watan Yuni. An nuna shirin ranar 3 ga Disamban 1968, kuma kashi 42 cikin ɗari na masu kallon talabijin a lokacin shi suka kalla.

To amma yawancin waƙoƙin shirin tsofaffi ne. Ya nuna cewa ya iya abin da ya iya a da. Tambayar da ta rage ita ce: mutum mai shekara 34, mai mata da 'ya, yana da abin da zai faɗa wa mutanen 1969?

Ɗakin da ke titin Thomas

Ya saba naɗar waƙa a Nashville ko Hollywood. Wani abokinsa, Marty Lacker, shi ya matsa masa ya gwada wani situdiyo da ke nan cikin Memphis, American Sound, a lamba 827 titin Thomas. Ginin ba abin kallo ba ne, unguwar ma ta marasa hali ce. Amma a 'yan shekarun nan waƙoƙi sama da ɗari da aka naɗa a ɗakin sun shiga jerin Billboard. Mai wurin shi ne Chips Moman, furodusa mai kafiya, kuma yana da makaɗansa na dindindin da ake kira Memphis Boys: Reggie Young a jita, Tommy Cogbill da Mike Leech a jita mai kaurin amo, Gene Chrisman a ganguna, Bobby Wood a fiyano, Bobby Emmons a ogan. Farare ne 'yan kudu da suka tashi da country, suka kuma ƙware a kaɗa wa baƙaƙen mawaƙan soul. Wato irin cakuɗar da ta haifi Elvis tun farko.

Ranar 13 ga Janairun 1969 ya shiga, yana fama da mura. Rabonsa da naɗar waƙa a garinsu tun 1955. Ya zo da tawagarsa da tarin waƙoƙin da mutanen Kanar suka tanada. Moman ya saurara ya ce yawancinsu ba su yi ba. Ya kawo nasa. Ya kuma rage cunkoson 'yan rakiya a ɗakin. In Elvis ya kauce wa kari sai ya tsayar da shi ya ce a sake. Makaɗan ma ba su nuna rawar jiki don sun ga Sarki ba, aiki suka zo yi. Abin mamaki, Elvis ya ji daɗin hakan. Murar ta tsananta har muryarsa ta dushe, ya huta 'yan kwanaki ya dawo. Aka yi zango na biyu a watan Fabrairu. Gaba ɗaya an naɗi waƙoƙi sama da 30.

Me ya sauya a sautin? Abu uku ne.

Na farko, yadda ake aikin. A da Elvis da makaɗa kan yi komai a lokaci guda, in ya ji ta yi masa shi ke nan. Moman kuwa gini yake yi hawa-hawa: a fara kafa ganguna da jita da fiyano, Elvis ya gyara muryarsa a kai, daga baya a ɗora kayan busa, da gogen Turawa, da muryoyin mata masu amshi irin na coci. Kiɗan ya yi kauri, ya yi nauyi a ƙasa, ba irin na finafinai mai kama da tallan sabulu ba.

Na biyu, muryar. Ta yi zurfi, ta ɗan yi kaushi, kuma ba a goge kaushin ba. A waƙar farko da aka naɗa ana jin murar a maƙogwaronsa, aka bar ta haka, don ta dace da abin da ake faɗa.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, abin da waƙoƙin ke magana a kai. Wancan mai tsere da mota a bakin teku ya tafi. Waƙar farkon, "Long Black Limousine", labarin wadda ta bar ƙauye ta tafi birni neman duniya ce, ta yi alkawarin dawowa cikin babbar mota, ta kuwa dawo a cikinta, amma gawa. Sauran sun taɓo rabuwar aure, kaɗaici, zargi tsakanin masoya, da nasihar uwa ga ɗanta. Ya ɗauko waƙar soul ta Jerry Butler, "Only the Strong Survive", ya ɗauko tsohuwar waƙar country ta Hank Snow, ya rera su a kundi ɗaya ba tare da an ji wata baƙuwa ce ba.

Sai "In the Ghetto", wadda Mac Davis ya rubuta. Labarin yaro ne da aka haifa a unguwar talakawa a Chicago, ya tashi da yunwa babu mai kula shi, ya ɗauki bindiga, aka kashe shi a titi, a ranar kuma aka haifi wani a unguwar. Wasu na kusa da shi sun ji tsoro. Kanar ya daɗe yana hana shi taɓa duk abin da ke da ƙamshin siyasa, kuma ba a cika shekara da kashe King a garin ba. Elvis ya yi jim, sannan ya rera ta, sau sama da 20 kafin a samu wadda ake so. Bai yi ihu a cikinta ba, a hankali ya bi ta, kamar mai ba da labarin unguwar da ya sani. Ai kuwa ya san ta, ɗan gidajen gwamnati ne.

Rigima ta ɓarke a kan "Suspicious Minds". Mark James ne ya rubuta ta, ya ma fitar da ita a 1968 ba ta yi kasuwa ba. Elvis ya naɗe ta da asubahin 23 ga Janairu, kowa a ɗakin ya san an samu babbar waƙa. Nan take mutanen Kanar suka zo da tsohon sharaɗinsu na a ba su kaso. Moman, wanda haƙƙin waƙar ke hannunsa, ya ƙi, ya nuna a shirye yake a fasa aikin gaba ɗaya. Wani jami'in RCA ya goya masa baya, Elvis ma ya zaɓi waƙar a kan kason. Ku duba fa: da an bi tsarin da aka saba, da waƙar da ta fi kowace tashe a wannan zangon na rayuwarsa ba ta fito ba.

Sakamako bai ɓoyu ba. "In the Ghetto" ta fito a watan Afrilu ta kai lamba 3 a Amurka. Kundin, mai suna From Elvis in Memphis, ya fito a watan Yuni da waƙoƙi 12, ya kai lamba 13 a Amurka, ya hau na ɗaya a Birtaniya. "Suspicious Minds", wadda aka fitar ita kaɗai ba a cikin kundin ba, ta hau matsayi na ɗaya a farkon Nuwamba, karon farko cikin shekara bakwai. Ita ce kuma ta ƙarshe da ya kai wannan matsayi a babban jerin Billboard yana raye.

Komawa gidan jiya

Ranar 31 ga Yulin 1969 ya koma dandamali a otal ɗin International da ke Las Vegas, da sabbin makaɗa da ƙungiyar mata masu amshi ta Sweet Inspirations, cikinsu har da Cissy Houston, mahaifiyar Whitney Houston. Ya yi wasa 57 cikin mako huɗu, ɗakin na cika maƙil. Waɗanda suka gani sun ce bai taɓa kai haka ƙarfi ba.

Amma bai sake taka American Sound ba. Mutanen Kanar ba su manta da abin da Moman ya yi musu ba, Elvis kuma bai tsaya kai da fata ya ce can zai koma ba. A 1970 aka mayar da shi Nashville. Ya ci gaba da yin waƙoƙi masu kyau jefi-jefi, "Burning Love" ta kai lamba 2 a 1972, wasansa na Hawaii a Janairun 1973 an watsa shi ta tauraron ɗan'adam zuwa ƙasashe da dama. Sai dai sabon abin ya sake zama tsari, kamar yadda finafinai suka zama. Las Vegas sau biyu a shekara, wasa biyu a kowane dare, sannan zagayen garuruwan Amurka. Daga 1969 zuwa 1977 ya yi wasa sama da 1,000.

Duniya na son ganinsa, shi ma yana son fita, amma in ban da wasanni kaɗan a Kanada a 1957, bai taɓa wasa a wajen Amurka ba. Da yawa na danganta hakan da cewa Kanar ba shi da fasfo, yana tsoron in ya fita asirinsa ya tonu. Kanar ɗin kuma ɗan caca ne na gaske, yana zubar da maƙudan kuɗi a otal ɗin da Elvis ke wasa. Kasonsa, da ya fara daga kashi 25, ya kai rabi a harkoki da dama. A 1973 ya sayar wa RCA haƙƙin kuɗin duk waƙoƙin da Elvis ya naɗa kafin lokacin a kan dala miliyan 5.4, har da na Memphis ɗin nan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A shekarar ce aurensa da Priscilla ya mutu. Ƙwayoyi suka ƙaru: na barci, na farkawa, na kashe ciwo. Shi a ganinsa ba ɗan ƙwaya ba ne tunda likita ne ke rubuta masa, har ma ya je fadar White House a 1970 ya nemi Shugaba Nixon ya ba shi bajon hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. A watanni takwas na farkon 1977 kaɗai, likitansa George Nichopoulos ya rubuta ƙwayoyi sama da 10,000 da sunansa. Jikinsa ya kumbura, yana manta baitoci a kan dandamali, amma ba a daina sayar da tikiti ba, don mutane da yawa na ci daga jikinsa.

Wasansa na ƙarshe ya yi shi a Indianapolis ranar 26 ga Yunin 1977. Ranar 16 ga Agusta aka same shi a ƙasa a banɗakinsa a Graceland. Shekararsa 42. Rahoton farko ya ce zuciya ce ta tsaya, gwaje-gwajen da suka biyo baya suka gano ƙwayoyi iri-iri a jininsa. Bayan mutuwarsa wani lauya da kotu ta naɗa don kare haƙƙin 'yarsa Lisa Marie ya binciki harkokin Kanar, ya bayyana cewa an cuci Elvis. Likitan kuma daga baya aka ƙwace lasisinsa. Situdiyon titin Thomas an rufe shi a 1972, daga baya aka rushe ginin.

Abin da na ɗauka

Murya ɗaya ce ta rera waƙar dabbobin gona a fim ɗin 1967, ta kuma rera "In the Ghetto" a 1969. Baiwar ba ta taɓa tafiya ko'ina ba. Abin da ya bambanta shi ne waɗanda ke cikin ɗakin. Sau uku a rayuwarsa ya yi aiki da mutanen da ba sa tsoron ce masa bai yi ba, a sake: Sam Phillips, Steve Binder da Chips Moman. Sau ukun nan kuwa su ne ake tunawa da shi a kansu.

Da yawanmu yanzu muna da 'yar sana'ar da ta dogara da masu kallo: waƙa, barkwanci, bidiyon girki, sharhin ƙwallo. Kun san yadda abin yake. Ka yi wani abu ya karɓu, sai ka yi ta maimaita shi saboda lambobi na hawa, har ranar da za ka waiga ka ga mutane sun koma wani wurin. Elvis ya yi shekara bakwai a wannan ramin, da kuɗinsa da sunansa. Sannan duk wanda ya zo maka da takarda yana cewa zai riƙe maka harka, karanta ta, ka kai wa wanda ya san doka, ka san wa zai mallaki aikinka bayan shekara goma. Ka kuma duba cikin abokanka: akwai wanda zai iya kallon idonka ya ce wannan bai yi ba? In akwai shi, riƙe shi da kyau, ko da maganarsa na yi maka ɗaci. Elvis ya samu irinsa a titin Thomas, ya yi 'yan makonni da shi, ya bari aka raba su.

In kuna da data, ku nemi From Elvis in Memphis ku saurara daga farko zuwa ƙarshe, sannan ku nemi kowace waƙa daga finafinansa na tsakiyar shekarun 1960 ku kwatanta. Ko ba ku jin Turanci sosai, kunnenku zai gaya muku bambancin.